Lungun da Ake Tura Babur

Darmaji ya yi furfura a masaƙa kafin a rufe ta. Da ƙyar ya samu aikin kai jini asibiti a babur.

Ranar farko ruwa ya shafe babban titin birnin Surabaya, ga mai haihuwa tana jiran jinin a asibiti. Ya faɗa wani lungu, inda al'ada ce kowa ya sauka ya tura babur. Wata tsohuwa ta tare shi da tsintsiya.

Ya ce, "Iya, don Allah, jini ne."

Ta ce, "Ko zinare ne. Jikokina na wasa. Sauka."

Haka shi ma yake tsare samari masu babur a lungun gidansa. Ya bar mata babur ɗin, iyakar abin da ya mallaka, ya rungumi akwatin jinin ya zura da gudu.