Tankunan Fetur da Suka Rasa Masauki

Wata Lahadi da la'asar maigidana ya shigo da su, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, kamar mai dawowa da tsaraba. Jajayen tankuna ne na roba, kowanne da baƙin marfi da ɗan tiyo a naɗe. Kafin ya dire su a falo, warin fetur ya iske ni a kicin.

"Abban yara, mene ne wannan kuma?"

"Man jirgi ne. Kwana biyu kawai za su yi."

A lokacin muna zaune a unguwar Whalley Range da ke Manchester, a hawa na biyu na wani tsohon gida da aka yanka shi flat-flat. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ni ina aikin akanta, shi injiniya ne a wani kamfani da ke rayuwa da kwangilar gwamnati, kuma da kwangila ta ƙafe sai aka rage masa ranakun aiki. Zaman gida ya dinga cin sa a tsaye. Daga nan ne shi da yayana, wanda ke zaune a Erdington can Birmingham, suka haɗa hannu suka sayi wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi. A bayansa akwai ɗan inji da ake maƙalawa don fita da shiga tasha. Suka ajiye shi a wani ƙauye na bakin teku a arewacin Wales. Ban hana ba. Mutumin da ya daina dariya ne ya fara dawowa gida da gishiri a gemu yana waƙa.

A tashar akwai wani ɗakin bulo, nesa da komai, inda masu jirage ke kulle mansu. Da rage ma'aikata ya iso can, aka sallami dattijon da ke riƙe da makullin, aka rufe ɗakin, aka ce kowa ya kwashe nasa. Barin tanki a cikin jirgi kuma an hana, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan sauka ya kwanta a ƙasan jirgin yana jiran tartsatsi. Ga yadda abin ya faɗo falona.

Maigidana ya buɗe ɗan kabad ɗin da ke lungu zai tura su.

"Kusa da boilar dafa ruwa? Abin da ke kunna wuta da kansa?"

"A Kano ba a ƙarƙashin bene muke ajiye man janareta ba? Me ya same mu?"

"A Kano akwai tsakar gida, taga a buɗe dare da rana. Nan kwali ne aka liƙe. Kuma ka manta gidan mai bumburutun layinmu? Ko ƙofa ba ta tsira ba."

Ya sake ɗaukarsu, ya sauka da su. Na ɗauka mota ya kai su. Ashe a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar shigowa ya cusa su, inda mitocin wutar gidan duka suke.

Ranar Asabar da safe muka ji ana dukan ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a ƙasa ta ji wari, ta ɗauka gas ne ke yoyo, ta buga waya. Aka fito da kowa titi, ana yayyafi, wasu da rigar barci, wata da jariri a bargo. Ina tsaye da 'ya'yana mata biyu sai ga ma'aikacin gas ya fito riƙe da jan tanki, ya ɗaga shi sama yana tambayar na wane ne. Ban taɓa jin ina son ƙasa ta buɗe ba irin na ranar. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce ai ita ba ta iya gudu. Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Da yamma mai gidan hayar ya kira ya ce in aka sake, mu nemi wani gidan.

Sai tankunan suka koma but ɗin mota, suka zauna. Duk bazarar nan motarmu warin gidan mai take. Mayafina ya ɗauka, jakar makarantar yara ta ɗauka, har burodin da na sayo. A ofis wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko motata na da matsala. Wata rana da aka yi zafi na buɗe but zan sa kaya, na tarar ɗaya ya kumbura ya yi tumbi, gefensa ya yi damshi. Maigidana ya cika shi ne har wuya, bai bar wa man wurin numfashi ba. Na koma sama a fusace.

"Da wannan nake kai yara makaranta? Wani ya bugo mu ta baya fa?"

"To ina kike so in kai su? Faɗa mini."

Gaskiya ita ce ya nema. Masu ba da hayar wurin ajiya suna jin kalmar fetur suke cewa a'a. Ya nemi hayar gareji daga ƙaramar hukuma, ya tarar ofishin unguwar an rufe shi, an manna takarda a ƙofa cewa a buga waya. Ya buga, na'ura ta dinga juya shi daga wannan lamba zuwa waccan, da ƙyar ya samu mutum, aka ce ya shiga layin jira. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowa ya san inda bai kamata a ajiye fetur ba. Inda ya kamata ne babu mai amsa. Ana cewa a samu wuri a waje, mai iska, mai inuwa, mai makulli, nesa da gida da wuta. Mu da ko igiyar shanya ba mu da wurin ɗaurawa.

Ni na ce mu kai su Birmingham. Jirgin na mutum biyu ne, warin ma a raba shi. Muka kama hanya gilasai a buɗe, iska na dukan kunne, yara na ta ƙorafi da Turancinsu na Manchester cewa sanyi zai kashe su.

Yaya ya tarbe mu da fara'a, ya ce ai da tuni mun kawo, ga ɗakin katako a bayan gida. Matarsa ta fito tana goge hannu, ta dubi tankunan, ta dube ni.

"A wane ɗakin katakon? Wanda ke jingine da bangon kicin ɗina? Can tukunyar gas ɗina take, can nake tuƙa tuwo in an yi taro."

"Haba, ɗan lungu kawai za a ba su," in ji Yaya.

"Ƙanwarka ta kore su daga gidanta, shi ne ni zan karɓa?"

Ban ga laifinta ba. Da ni ce ita, abin da zan faɗa ke nan. Muka ci abinci kowa na kallon farantinsa, tankunan na zaune a kan ciyawa a waje. Bayan sallar la'asar mazan suka fita, suka dawo da wani akwatin ƙarfe mai hudoji a gefe don iska ta ratsa. Suka kai shi can ƙarshen lambu, ƙarƙashin bishiya, suka ɗora a kan bulo, suka sa kwaɗo. Matar Yaya ta taka da ƙafarta daga kicin zuwa wurin, ta tsaya ta shinshina iska, sannan ta ce to.

Na ɗauka an gama. Amma yanzu jirgi na Wales, mai na Birmingham, mu muna Manchester. In maigidana zai fita ruwa sai Yaya ya samu sarari ya kawo tankunan, shi kuwa likita ne, asibiti ya rage hannu, hutun ƙarshen mako ya zama sai an yi sa'a. Sanyi ya shigo, aka rufe jirgi da tamfal. Man ya kwana ya tashi a akwati har wata bazarar.

A wannan bazarar ne suka lallaɓa ni na bi su, karo na farko. Fitar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Iska ta cika ƙyallen, jirgi ya karkata yana yanka ruwa babu ƙarar komai, na ga fuskar mijina yadda ban gan ta a gida ba. Da za mu dawo iska ta ɗauke. Maigidana ya ja igiyar inji, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Yaya ya karɓa ya ja har hularsa ta faɗa ruwa. Suka buɗe tanki suka shinshina, suka dubi juna. Man ya tsufa, ya canja launi, ya toshe injin.

Ruwa na janyewa yana tafiya da mu. Wasu masu kamun kifi ne suka jefo mana igiya suka ja mu zuwa tasha, mutane na tsaye a bakin gaɓa suna kallo.

A mota na yi maganar da ta daɗe a raina.

"Daga yau, ranar fita a sayi ɗan abin da za a ƙona. Abin da ya rage a juye a tankin mota kafin a baro can. Tankunan su koma akwati babu komai a ciki."

"Kullum sai mun tsaya gidan mai ke nan," in ji maigidana.

"Eh. Kullum."

Yaya ya ce injin ba irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba ne, don haka mota za ta sha ragowar lafiya. Suka sayi mazurari da jarkar ƙarfe ƙarama. Tsohon man kuwa sai da muka yi yawo da shi kafin mu samu wurin zubar da shara da ke karɓar irinsa, domin na kusa da mu an rage masa ranakun buɗewa, mun je mun tarar da ƙofa a kulle.

Haka suka ci gaba da yi, suna gunaguni, har lokacin da maigidana ya samu cikakken aiki a wani kamfanin, fita ruwa ta gagare shi. Ya bar wa Yaya jirgin. Motar kuwa da muka zo sayar da ita, na wanke but ɗin da sabulu da ruwan zafi, na bar shi a buɗe yini guda, amma mai saye yana leƙawa ya ɗago kai ya tambaye mu ko tankinta na yoyo.