Ranar da wari ya ɗauke a Challawa

Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin saɓa jiƙaƙƙiyar fatar sa ni kaɗai, na yi aiki a wani kamfanin jima a Challawa. A Panshekara nake haya, ni da katifa da rediyo. Duk wanda ya taɓa bi ta wannan yanki ya san ba sai an nuna masa kamfanin fata ba, hancinsa ne zai gaya masa. Mu na ciki kuwa warin ya zama ɗan gida. In na shiga keke sai in ga mutane suna matsawa suna ba ni wuri, ni kuma in yi ta godiya, a zatona girmamawa ce.

Ni Bazazzagi ne, kuma ni kaɗai ne Kirista a sashenmu. Babban abokina Bakano ne, Musulmi, ɗan wani ƙauye a ƙetaren kogi, yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Kun san Bakano da Bazazzagi, ba a raba mu da tsiya. Ya ce ni bawansa ne, in ce kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar daddawa, har aka ba shi gyara. Amma akwai wani abu da muke yi wanda babu wanda ya ɗora mana shi. Ran Juma'a in sun tafi masallaci ni nake tsaron injuna, in kuma aiki ya taso ran Lahadi su suke rufa mini.

A bayan kamfanin akwai wani ramin siminti, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Nan ruwan wankin fata yake taruwa kafin ya wuce kwata. Lokaci-lokaci baƙar laka takan toshe shi, sai an shiga da shebur da bokiti an kwashe, kuma ran Lahadi ake yi saboda injuna na kashe. Aikin yana da dokarsa. Mai shiga zai ɗaura igiya a ƙirji, wani ya riƙe a sama, kuma ba a yin shiru. Na sama ya yi ta magana, na ƙasa ya yi ta amsawa. Tsofaffin ma'aikata sun ce ramin ba ya cin mutum ɗaya. Wai in ya kama na ciki, sai ya ari muryarsa ya kira na sama. Ni dai dariya nake yi, in ce ni da na ba da gaskiya ga Almasihu ba zan tsaya jin tsoron aljanin kwata ba.

Wata Lahadi aka sa bikin godiyar kaka a cocinmu. Ina cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, kuma a karon farko aka ba ni waƙa in rera ni kaɗai. Kada ku so ku ga yadda na ɗauki abin nan. Na ɗinka farar shadda, na daina shan ruwan sanyi, maƙwabtana kuwa sun haddace waƙar ba don suna so ba. Da yake babu wuta a unguwarmu, ran Asabar na bar wayata a caji wurin maigadin kamfani, wani dattijon Buzu. Da safe na ci ado na biya in karɓa, daga nan in wuce coci.

Yana miƙo mini wayar sai ya ce, "Mutuminka na ciki, wajen rami. Shi ɗaya."

"Shi ɗaya kamar yaya, Baba? Ina mai riƙe masa igiya?"

"An yi masa rasuwa a ƙauye, tun asuba ya tafi."

Na ce bari in leƙa in tsokane shi in fito. Ban taɓa shiga kamfanin ran Lahadi ba, ban san haka yake ba. Manyan durom ɗin nan da suke juya fata suna cika kunne duk sun tsaya, bakinsu a buɗe. Ba na jin komai sai takun takalmina, shi ma kamar wani ne yake bina a baya. Fatun da aka rataye a rumfar shanya sun jeru kai ƙasa, babu iska amma na ƙarshen layi yana ɗan motsi. Na tsaya na dube shi, ya tsaya. Na yi gaba ban sake waiwayawa ba.

Na tarar da abokina ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙirji, yana ƙoƙarin ɗaure ɗaya bakin a jikin wani bututun ƙarfe.

"A'a, bawana, yau aure za a ɗaura maka?" in ji shi, yana kallon shaddata.

"Bar zancen nan. Bututu ne zai riƙe maka igiya?"

"To ya zan yi? Oga ya ce gobe da safe in ruwa bai wuce ba, kada in dawo. Ramin nan kuma ba yau na fara shigarsa ba."

Sabo turken wawa, na gaya masa haka. Na ce ya bari sai na dawo daga coci. Ya ce in rana ta take ba a shiga, zafi yana tayar da abin da ke ciki. Na duba agogo. Na duba shi. Gaskiya zuciyata tana coci, har ina ganin kaina a gaban jama'a. Amma ƙafata ta ƙi tafiya. Na naɗe hannun riga na ce ya kwance igiyar daga bututun ya ba ni, in ya yi sauri zan iya riskar waƙata.

Kafin ya taka tsani sai ya daina dariya. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Ka san dokar. Komai ka ji, kada ka saki igiya, kuma kada ka sauko. Ko ni na kira ka."

"Na ji."

"A'a, ka ce ka yi alkawari."

Na yi masa alkawari. Na ratsa igiyar ta kan bututun, na naɗe ta a hannu, ya sauka.

Da farko hira muke, yana ciko bokiti ina jawowa da wata igiyar ina juyewa. Da zancen ya ƙare sai ya ce daga ƙasa, "Kai, yi wani abu mana. Ko waƙar cocin naku ce ka yi, in dai zan ji murya." Haka aka yi. Waƙar da na yi makonni ina gyara wa murya, a bakin ramin kwata na rera ta, mai sauraro ɗaya, shi ma yana kwasar laka. Duk baitin da na kai ƙarshe sai ya ce, "Ina ji." Wani lokaci ya ƙara da, "Wallahi gara kukan jaki."

Ina cikin waƙar na lura babu ƙuda. Wurin da kullum sai kana kore su daga baki, ko ɗaya babu. Belbelun da suke tsayawa a bakin kwata su ma ban gan su ba. Kusa da ƙafata ga wani ƙadangare kwance rigingine, ba ciwo a jikinsa. Sai kuma na ja numfashi in shiga baiti na gaba, na ji iska fes. Warin nan da na shekara ina kwana da shi ina tashi da shi ya ɗauke ɗif, kamar an rufe famfo. Har na ji daɗi, na ce a raina yau Allah ya kawo sauƙi. Daga ƙasa ma na ji ya ce, "Ka ji? Ramin ya huce."

Na kai ƙarshen baitin. Ba a ce "Ina ji" ba.

Na kira shi. Shiru. Na buɗe baki zan sake kira sai igiyar ta fizge ni, na durƙusa a kan siminti. Da na leƙa, ga shi can ya zube a jikin bango, laka ta kai masa ƙirji, kansa ya langaɓe. Igiyar da ke hannuna ce kaɗai ta hana fuskarsa nutsewa. Na ja da iyakar ƙarfina, ya ɗan taso, lakar ta riƙe shi. Ba zan iya fito da shi ba, in kuma na sassauta ko kaɗan hancinsa zai shiga ciki.

A nan ne na ji muryar. Muryarsa ce sak, ba kuwa ta wanda ke cikin wahala ba. A natse take, kamar yana kirana cin abinci.

"Sauko mana. Sauko ka kama ni."

Ina kallon fuskarsa. Idonsa a rufe, bakinsa bai motsa ba.

Tsikar jikina ta tashi. Kaina ya fara juyawa. Ga tsani nan dab da gwiwata, kuma komai na jikina yana ce mini in sauka, wane irin aboki ne zai tsaya a sama yana kallo? Muryar ta sake cewa, "Sauko." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba na ɓoye muku. Duk ayoyin da na haddace suka gudu. Abu biyu kawai suka rage mini, sunan Yesu da alkawarin da na yi. Na kawar da fuskata daga bakin ramin, na tokare ƙafa da bututun, na kwanta da baya, igiyar tana cin tafin hannuna. Sai na shiga kwarara ihu da muryar nan da na yi ta tattali, ina kiran maigadi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Ƙofar kamfanin da nisa, dattijon kuma yana jin rediyo. Ihun ya riƙa dawo mini daga cikin rumfunan kamar ana kwaikwayona. Can dai sai na ji gudu. Maigadin ne da mai shayin bakin ƙofa da wani direban keke. Direban yana zuwa ya nufi tsani, na daka masa tsawa na ce igiya zai kama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu huɗu muka ja, lakar ta sake shi da wani irin sauti kamar an tsotsi tsamiya. Muka kwantar da shi nesa da ramin, baƙi ƙirin, ba ya motsi. Maigadin yana ta salati yana danna masa ƙirji, ni ina ta addu'a, babu wanda ya ce wa wani ya yi shiru. Sai abokina ya yi tari.

A keken muka kai shi asibiti, kansa a kan farar shaddata. Likitan da ya duba shi ya ce iskar guba ce take tashi daga irin wannan lakar, in ta yi yawa hanci ne take fara kashewa. Wato lokacin da muka ce ramin ya huce, lokacin ne ya fi hatsari. Na gaya masa zancen muryar. Ya ce ni ma na shaƙa, kuma wanda ya shaƙa yana iya jin abin da babu. Na karɓi bayaninsa, don shi ya karanta. Amma ni na ji abin da na ji.

Coci kam ban je ba. Wani ne ya rera waƙata, aka ce ma ya fi ni, abin da har yau ban yarda ba. Shugaban kwaya ya yi fushi sosai, sai da ya ga hannuwana a naɗe da bandeji ya sauko. Mahaifiyata da na ba ta labari a waya ba ta ce komai a kan aljani ko guba ba. Cewa ta yi, "To ai ka je sujada, wurin ne dai ba ka zaɓa ba."

Na daɗe ina juya maganar nan. A da ina ɗauka bangaskiya abu ne da ake sa wa kaya masu kyau a kai shi coci, a tsaya a gaba a nuna. Ban raina zuwa coci ba, har gobe ina zuwa, kuma ina kwaya ko da ba a ba ni waƙa ni kaɗai. Sai dai na gane yawancin mutanen da nake zaune da su ba za su taɓa shiga cocinmu su ji abin da ake faɗa ba. Abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a wurina daga Litinin zuwa Asabar. Ko in na ce i, i ɗin ce. Ko za a iya ba ni amana a juya baya. Ƙaunar maƙwabci da ake mana wa'azinta, ni a ranar nan ba ta zo mini da daɗi ba, da wari ta zo, ta ɓata mini riga, ta bar mini tabo a tafin hannu.

Kamfanin ya daina sa mutum a ramin, aka kawo injin zuƙa. Abokina ya koma noma, ni ma daga baya na bar aikin. Mun daɗe ba mu taɓa zancen ranar ba, tsiyarmu kawai muke yi. Sai wata shekara da na je masa barka da salla, muna zaune a zaurensa, na daure na tambaye shi ko ya tuna ya kira ni in sauko.

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya ce, "Ni? Ban kira ka ba. Harshena ma ya mutu tun kafin in faɗi."

Ƙaramar 'yarsa, wadda aka haifa bayan abin, ta shigo ta haye cinyarsa. Ya shafa kanta, bai dube ni ba.

"Abu ɗaya na tuna," in ji shi. "Da duhu ya fara rufe ni, na daina jin waƙarka. Na san ka yi ta duba agogo. Sai na ce a zuciyata, ya Allah, ka sa bai tafi coci ba."