Rautar Hajiya

Tun shekarun da soja suka koma bariki, gidanmu na Ƙofar Marusa ya kamu da ciwon siyasa. Ko tuwo za a raba sai an yi maganar wakilci. A cikin wannan yanayi Baba ya jawo intanet sashenmu, aka kafa rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ke watsa sigina, ni kuma da nake taɓa kwamfuta a sakatariya na zama injiniyan dole.

Kakarmu Hajiya tana zaune a sashen Baffa, yayan Baba, ƙafa ta hana ta fita. Autarta, Gwaggo, tana aure a Jidda, kuma rabon da su ga juna har an daina lissafi. Burin Hajiya ɗaya ne, ta ga fuskar 'yarta a laftof. Amma katangar ƙasar da ke tsakanin sassan biyu ko aljani ba ya ratsa ta, balle sigina.

Baffa ya sayo tasa rautar, wadda ta fi tamu ƙahonni. Na huda katanga, na zura kebul, na shiga saitin don in haɗa su gada, su zama layi ɗaya. Sai komai ya tsaya cak. Na canja wannan, na goge wancan, har na kulle kaina a waje, sai da na soka tsinken tsintsiya a ɗan ramin bayan sabuwar rautar ta manta duk abin da na koya mata. Da ƙyar na gano matsalar: kowace rauta tana raba wa wayoyi lambobi, kowacce tana ji ita ce mai gida. Dole ɗaya ta daina.

Wautata ita ce na faɗi haka a zaure.

"Wace za ta daina?" in ji Baffa.

"Taka, Baffa. Layin ta wajenmu ya shigo."

"Ƙanen bayana shi ba ni lamba cikin gidan ubana? Ba a yi ba!"

"Yaya, ai yanzu dimokuraɗiyya ake," in ji Baba.

Aka kawo shawarar karɓa-karɓa, mako-mako. Na ce na'urar ba ta san wannan ba. Aka yi zaɓe a tsakar gida, sashen Baffa suka ci saboda sun fi mu yawa, Baba ya ce an yi maguɗi. Ni dai takaici ya ishe ni, don kullum Hajiya sai ta yafa mayafinta na fita unguwa ta zauna gaban laftof, allon yana ta juya ɗan da'irarsa.

Ranar nan ta kira ni.

"Kai, wadda za ta dainan, mi za ta riƙa yi?"

"Shiru za ta yi, Hajiya. Ta karɓi saƙo nan ta miƙa can, ta karɓo can ta miƙo nan."

"Shi ke nan? Kawo ta ɗakina, ta zama tawa. Aikin da nike wa ubanka da baffanka ke nan tun rasuwar Malam."

Na je na ciro ta Baffa. Na ɗora rautar kan samirunta, na kashe rabon lamba, fitilun suka koma kore. Fuskar Gwaggo ta fito, tana rawa kaɗan.

Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta daɗe tana kallo, ta sa gefen mayafin ta goge gilashin, ko da yake ba gilashin ne ya jiƙe ba.

"Auta," ta ce, "kin yi hurhura."