Shekarar da Agana ta Ɗauke Ƙanena

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, mahaifina majemi ne a nan Sakkwato, a zamanin da ake ƙara ginin ganuwar gari. Inna tana yi mini kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane. Ƙanena kuwa kullum yana bisa cinyarta. Da ƙuruciya sai na ɗauka ba ta so na.

Ban kai shekara goma ba agana ta shigo unguwarmu. Ni ta fara kamawa, daga baya ta kama ƙanena. Na tashi da zanzana a fuska, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa. A zaman makoki na ji wata maƙwabciya tana cewa yarinyar ce ta kwaso ciwon ta shafa wa yaron. Maganar nan ta zauna mini. Na daina cin abinci, na daina zuwa makaranta, don na yarda Inna ta tsane ni, Allah ma yana fushi da ni. In an zuba mini tuwo sai in kai wa akuya, in koma bayan rumbu in zauna.

A can Inna ta iske ni wata rana da hantsi. Ta tsaya, ta kira sunana, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta zauna a ƙasa, ta tambaye ni abin da ya hana ni ci. Da na faɗa mata, ta jawo ni jikinta ta ce, “Ɗiyata, ke kin ka kira ciwon? Wanda ya ba mu shi, shi ya amshi abinai. Da ke kin ka rasu, wanga kukan shi zan yi.” Na tambaye ta ko Allah zai yafe mini. Ta ce babu laifin da za a yafe, kuma duk son da take yi mini bai kai ɗigo ba cikin jinƙan da Allah ke yi wa bayinsa. Muka yi kukan ƙanena tare. Ta dama fura ta ba ni da hannunta.

Yau ina da jikoki, Inna ta daɗe da rasuwa, amma ban taɓa sallah ban yi mata addu'a ba. Na gode Allah da ya sa ta lura da ni kafin baƙin ciki ya gama da ni. Iyaye, in an yi rashi a gida, ku dubi yaran da suka rage. Suna jin abin da manya ke faɗi, suna ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba, kuma ba za su faɗa ba sai an tambaye su.