Ranar da Anti Winnie Ta Kwashe Falonta

Duk wanda ya tashi a layinmu ya san Anti Winnie Teasdale, ko ba don komai ba, don bakinta. Ba dangina ba ce, katanga kawai muka haɗa, amma tun ina rarrafe Anti nake ce mata, har na yi furfura ban daina ba. 'Yar firit ce, sai dai in ta ɗaga murya karnukan layi ma shiga taitayinsu suke yi. A gida mai lamba tara take tun 1955, shekarar da ƙaramar hukuma ta gina layin ta ba masu haƙar kwal haya. Mijinta Wilf ya yi shekara arba'in cikin rami, ya fito da tari, tarin nan kuwa shi ya yi ajalinsa.

Lokacin da rami ke aiki, layinmu ba ya rabo da hayaniya. Litinin wanki, Juma'a soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin jarida, Asabar da yamma kuma falon Anti Winnie. Tana da fiyano, wani ƙato mai nauyin tsiya da Wilf ya saya mata na hannu shekarar da suka tare, maza shida suka shigar da shi, bai kuma ƙara motsawa daga wurin ba. Ita ke kaɗa wa coci a ranar aure da ranar jana'iza, amma na Asabar ya fi daɗi. Maza su zo da wankakkun fuskoki, baƙin kwal na nan a gefen ido, su yi ta rera waƙa da muryoyin da ko akuya ba za ta yi hassada ba, mu yara muna ƙarƙashin tebur muna satar biskit. Wallahi har yau ina kewar yammacin nan.

A 1994 tana da shekara saba'in da uku. An rufe rami, rabin layi sun watse, kuɗin haya ya hau, ga sabon harajin gida ya faɗo a kai. Fanshonta ya kasa. Ba ta gaya wa kowa ba, ni na gano, ranar da na shiga na same ta da kwat cikin falo, murhu a kashe, tana matse ganyen shayi ɗaya a karo na uku. 'Yarta Jean da ke garin Leicester ta riga ta yanke magana: in bikin Ista ya zo ba a ga sauyi ba, za ta turo mota a kwashe tsohuwa a mayar da makulli.

Na karɓo mata fom ɗin tallafin haya da rangwamen haraji da ake ba tsofaffi. Ta kalle shi kamar na ajiye mata mataccen ɓera.

"Doreen, 'yar nan, kin taɓa ganina da ƙoƙon bara?"

"Anti, ba bara ba ne, haƙƙinki ne. Huhun Wilf ya biya shi tun tuni."

"Haƙƙi! Haka suka ce wa uwata."

Sai ta ba ni labarin da na ji ya fi sau hamsin. A 1932, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, aka sallami babanta daga rami, ya nemi tallafi. Mai bincike ya zo da littafinsa ya zagaye gida. Ku huɗu ne, me kuke yi da kujera biyar? Ya ga keken ɗinkin uwarta, ya ce a sayar a ci kuɗin tukuna, sannan a dawo a yi magana. Daga nan mutanen layinsu suka koyi dabara: da an hango shi, sai a riƙa miƙa agogo da tangaran ta kan katangar baya zuwa gidan maƙwabci.

Na ce wancan zamani ya wuce. Ta ce hukuma ba ta sake hali, riga kawai take sakewa. Amma tsoron motar Jean ya fi tsoron mai bincike, ta sa hannu. Bayan mako biyu takarda ta iso, wai ranar Alhamis za a turo ma'aikaci gida a duba takardunta.

Laraba da sassafe sai ga ta tana buga mana katanga da tsintsiya.

"Doreen! Taso min da ragon mijin nan naki, ya zo ya karɓi kaya."

Na yi magana har na gaji. Derek mijina ya ce in ƙyale ta, me za a rasa? Ya tsaya ta ɓangarenmu, ni ina miƙo masa. Agogon bango ya haye, talabijin ya haye, kujeru uku, madubi, tangaran na aurenta.

"Anti, haƙoran roban fa?" in ji Derek. "Kada mai bincike ya ƙirga su ya ce sun yi miki yawa."

"Rufe min baki, mai kunnen tulu. Ka fasa min faranti ɗaya, sai na fasa maka kai."

Dariya muka yi ta yi, ita ma har da hawaye, rabon da in ga ta yi nishaɗi haka tun Wilf na da rai. Da muka zo kan fiyano, Derek ya ce wannan kam ko Samson ba zai haye katanga da shi ba. Ta tsaya tana kallon fiyanon. Na ce ta bar shi, babu mai taɓa shi, na wuce aikina a gidan burodi. Wautata ke nan, kuma ban yafe wa kaina ba. Na san matar nan kusan shekara arba'in, ya kamata in san ma'anar wannan kallon.

Da na dawo da la'asar, sawun tayar mota na gani a ƙofarta. Ta kira dillalin tsofaffin kaya daga gari, ya ba ta fam arba'in, ya tafi da shi.

Ranar Alhamis ta saka rigar zuwa coci ta zauna a miƙe, ni ina tsaye a bayanta. Mai binciken da Anti ta shekara sittin tana jira ta shigo: wata yarinya Joanne, ba ta fi ashirin da biyar ba, ga tsohon ciki, ga mura. Ta waiga neman wurin zama, kujera ɗaya ce a falon. Dole Anti ta tashi ta ba ta.

Joanne ta duba littafin fansho da na ajiya a gidan waya da katin haya, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta rufe jaka. Ko minti goma ba a yi ba.

"Shi ke nan, Misis Teasdale. Yadda na gani, hayar kusan duka za a ɗauke miki, harajin ma haka."

"Ba za ki hau sama ki duba ba?"

"In duba me?"

"Kaya mana. Gado, kabad."

"A'a, mu ba ruwanmu da kayan ɗaki. Ko fiyano gare ki, naki ne." Ta kalli falon, ta sassauta murya. "In kina so ma, akwai inda ake taimaka wa tsofaffi da kujeru."

Na kasa kallon Anti. Ita kuwa ta ce, "Za ki sha shayi, 'yar nan?" Ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari ni da Derek muka je wurin dillalin da fam ɗari a aljihu. Ya ce ai tun jiya wani mai mashaya ya saye, an yi kudu da shi. Abin da na gaya wa mutumin nan ba zai rubutu ba.

Tallafi ya fito, Jean ta fasa turo mota, murhu ya koma ci. Muka mayar da kaya ta ƙofar gaba. Sai wurin fiyano ya rage, faffaɗan fili a bango mai launi daban. Sau huɗu ana sake manna takardar bango a falon nan, kowane karo zagaye fiyanon ake yi don ba ya ɗaguwa. Ta bayansa kuwa ta farko ce, mai jajayen furanni, ko kaɗan ba ta koɗe ba, an manna ta a karkace.

Na ce Derek zai zo ranar Asabar ya rufe mata wurin.

"Ya kuskura," in ji ta. "Wilf ne ya manna wannan da hannunsa, satin da muka tare. Dubi yadda ya karkace ta, sakaran. Na zage shi ranar kamar me."

Ta ja kujerarta ta juya ta wajen bangon. Shekara takwas ta ƙara a gidan, kuma a haka nake samunta duk lokacin da na shiga.