Baturen da ya shanya kansa a Tambuwal

Muna isa gidan saukar baƙi a Tambuwal muka tarar da Baturen gona kwance kan tabarma a tsakar fili, ba riga, rana ta take. Bazara ce, zamanin Jihar Arewa, ina sabon malamin gona.

Direbanmu, Malam Ummaru mutumin Kebbe, ya ce, "Faɗuwa ya yi. In ya mutu hannunmu, mu za a kama." Muka cicciɓe shi zuwa gindin dogonyaro, muka sheƙa masa ruwan tulu.

Mutum ya miƙe yana faɗa. Da 'yar Hausarsa ya ce lafiyarsa lau, so yake fatarsa ta yi duhu kafin ya tafi gida hutu, wai can abin ado ne.

Malam Ummaru ya ce, "Ranka shi daɗe, ranar bazara gashi takai. In duhu kaka biɗa, bari ruwa shi ɗauke, sama ta washe, iska na kaɗawa. Ka fito da hantsi, ka taɓa kaɗan, ka koma inuwa."

Bai ji ba. Cikin kwana uku bayansa ya yi jajir, yana saɓa kamar maciji, ko riga ta gagare shi.

Jiya na ga kwalbar man bilicin a hannun jikata, shi ya tuna mini da Baturen nan. Na ce mata, "Fatar nan da kike kankarewa, da idona na ga mutum ya gasa kansa yana nemanta, bai samu ba."

Ku a gidajenku me kuke ce wa masu shafa man nan?