Sunan da Aka Kankare a Bakin Rijiya

Cikin duk shekarun da na yi a aikin rijiyoyi, akwai wata Talata ta watan Afrilun 1974 da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka tarar da aikin nan a zamanin burtsatse da famfo, ku ɗan ajiye takardunku ku ji.

A lokacin ni mataimakin ofisan rijiyoyi ne a Gumel, muna ƙarƙashin Jihar Kano. Fari ya yi tsanani, rijiyoyin arewacin Sule Tankarkar sun ja baya har guga yana dawowa da laka. Sai gwamnati ta sayo wani inji daga Japan, wanda yake zuƙe ruwa da laka yayin da mahaƙa ke ƙara zurfi a ƙasa. Tare da injin aka turo mana wani Bajapane ya koya mana sarrafa shi na wata shida. Sunansa ya gagari bakinmu, muka bar shi a Injiniya. Mutum ne mara magana, Turancinsa guntu, nawa ma ba wani tsawo gare shi ba, amma ni aka ɗora wa tafinta.

Mun yi wata biyu a wani ƙauye kusa da kan iyaka, muna yashe tsohuwar rijiyarsu muna ƙara mata zurfi. Ƙauyuka uku ne suka dogara da ita, ban da rugagen Fulani da ke gangarowa daga arewa. A ƙa'idar aikinmu, idan an gama rijiya akan daɓe bakinta da siminti, kafin ya bushe sai heluma, wato shugaban mahaƙa, ya ɗauki ƙusa ya rubuta lambar rijiyar da shekara ta waje. Ranar da muka gama, heluma ya yi nasa, sai Injiniya ya miƙa hannu a ba shi ƙusar. Ya durƙusa ya zana wasu alamomi guda biyu ta cikin bakin rijiyar, daidai inda guga ke gogawa idan an jawo shi. Ya daɗe yana yi. Ni ina tsaye a kansa, na ce wa heluma kamar sawun kaza, muka yi dariya. Ban tambayi Injiniya mene ne ba, na sa hannu a takardar kammala aiki muka koma Gumel.

Kwana biyar bayan nan maigidana, ofisan rijiyoyi, ya sa aka kira ni. Dagacin ƙauyen ya aiko cewa shanu biyu sun mutu bayan sun sha ruwan, mata sun daina ɗiba, kuma mutane na shirin cike rijiyar saboda rubutun da baƙo ya yi mata.

"Habu, kai ka sa hannu a takardar nan," in ji shi. "In suka cike ta, ba ni da buhun siminti ko ɗaya da zan ba ka kafin damina. Ɗauki baƙonka ku tafi."

"Yallaɓai, ko a nemo 'yan sanda su raka mu?"

"Ka kai ɗan sanda bakin rijiya, ai da hannunka ka cike ta. Tashi."

Sai a mota na gane girman abin. Mu mutane ne da malam zai yi rubutu a allo, a wanke mu sha, don mun yarda abin da aka rubuta yana bin ruwa ya shiga jiki. To ga rubutun da ba wanda ya iya karanta shi, kowane guga sai ya wanke shi ya ɗiga cikin rijiya. Ni da aka haifa a ƙasar nan, ina tsaye aka yi, ban ga komai ba sai abin dariya. Na juya na tambayi Injiniya abin da ya rubuta. Ya ce suna ne, ya mai da fuskarsa waje. Na ce a raina, in na ce suna ne, za su ce sunan aljani. Sai na yi dabara irin ta yaron da ke ganin ya yi boko, na shirya cewa tambarin kamfani ne.

Mun isa wajen azahar, rana kamar ta fasa kai. Mutane sun kewaye rijiyar, matasa riƙe da shebur, ga kwanduna cike da rairayi an jera. Can gefe shanu sun taru suna kuka, makiyaya na tare su da sanduna don kada su kai ga kwamin shan ruwa. Dagaci na zaune kan tabarma ƙarƙashin aduwa, Liman a damansa, Ardon Fulanin yankin, mai shanun da suka mutu, yana tsaye ya dogara da sandarsa. Direbanmu ya ƙi kashe mota.

Na cire takalmi na durƙusa na yi gaisuwa, aka amsa mini a taƙaice.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Dagaci, "ai wannan ba wani abu ba ne. Tambarin kamfanin da ya ƙera injin ne, haka suke yi a ko'ina."

Dagaci ya dubi Liman. Liman ya jawo allo daga bayansa. Ashe ya kwafi alamomin nan biyu, bai bar ko ɗigo ba. Injin kuwa yana nan a ƙauyen yana jiran babbar mota ta zo ta ɗauke shi.

"Ɗan nan," in ji Liman, "tun hantsi nake zagaya injinku da allon nan. Duk rubutun da ke jikinsa na gwada, babu wanda ya yi kama da wannan. Ko kamfanin naku suna biyu gare shi?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wuri ya kaure da hayaniya. "Ƙarya yake! Bakinsu ɗaya!" Wani saurayi ya sunkuci kwando ya juye a rijiyar. Rijiyar gaba arba'in ce da ɗoriya, sai da muka yi jim kafin mu ji faɗuwar rairayin a ruwa. Na biyu ya ɗaga nasa.

Injiniya ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya ratsa ta gabana ya tsaya tsakanin kwandunan da rijiyar. Na ga sanduna sun ɗaga, na ce shi ke nan, yau za a kashe baƙon gwamnati a hannuna. Ya sa hannu a aljihun gaba, mutane suka ja da baya. Ambulan ɗin wasiƙa ya fito da shi. Ya warware wata farar takarda, ga alamomin nan biyu an rubuta su manya da baƙar tawada, ga kuma ƙaramin hoton jaririya.

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. "A wannan karon," ya ce mini, "abin da ya faɗa shi za ka faɗa."

Injiniya ya durƙusa gaban Liman yana magana, ni ina juyawa. Ya ce matarsa ta haihu bayan tahowarsa, wasiƙar ta yi mako uku a hanya. Sunan yarinyar Sumiko. A rubutunsu kowace alama tana da ma'anarta, kuma suna ɗaya ana iya rubuta shi da alamomi daban-daban, iyaye ne ke zaɓen waɗanda suka dace da fatan da suke yi wa ɗansu. Ya nuna ɗigo uku a gefen alama ta farko, ya ce wannan ruwa ne.

"Kun ji ko! Ruwa!" in ji wani daga baya. Hayaniya ta sake tashi, sai da Dagaci ya daka tsawa.

Injiniya ya ci gaba. Ya ce alamar gaba ɗayanta tana nufin ruwan da ya kwanta ya yi garau, har ana ganin ƙasansa, kuma fatan shi ne zuciyar yarinyar ta zama haka. Alama ta biyun kuma ɗa take nufi. Ya bi ta da yatsa, ga kai, ga hannuwa a buɗe, ga jiki a naɗe cikin zane. Ya ce a garinsu ranar bakwai uba yake rubuta sunan a takarda a liƙa a bango, dangi su gani. Shi ba ya nan, mahaifinsa ne ya rubuta aka aiko masa. Ranar da ya ga ruwan rijiyar nan ya washe bayan wata biyu muna fama da laka, sai ya ji yana so ya rubuta sunan 'yarsa da hannunsa ko sau ɗaya.

"Su ma ran bakwai suke suna?" Liman ya tambaye ni.

"Haka ya ce, Allah gafarta Malam."

Liman ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce shi dai bai ga sihiri a nan ba. Ya juya ga Ardo ya tambaye shi kwana nawa shanun nan suka yi ba ruwa kafin su iso. Ardo ya ce huɗu. Ya ƙara da cewa ya sani, saniyar da ta daɗe da ƙishi in ba a tsare ta ba takan sha har ta faɗi. Na fara sakin numfashi.

"Amma ranka ya daɗe," Ardo ya ce wa Dagaci, "mu mun ji bakin mutumin nan. Gobe wasu rugage za su iso daga arewa, jibi ma wasu. Su ba su ji shi ba, rubutu kawai za su gani. Wa zai zauna nan yana yi wa kowa bayani?"

Gaskiya ya faɗa. Dagaci ya yanke hukunci: rijiya ta tsira, amma a kankare rubutun. Ni aka bar wa faɗa wa Injiniya, kuma da za a ba ni zaɓi da na gwammace a tsinka mini mari.

Ya saurare ni har na gama, ya sunkuyar da kai. Heluma ya kawo guduma da ƙarfen sassaƙa siminti zai yi, Injiniya ya karɓe su daga hannunsa. Ya sa aka tara kwando a ƙasa don kada ɓarɓashi ya faɗa ruwa, ya durƙusa ya fara. Ba ka jin komai sai ƙarar guduma da kukan shanu. Yana cikin kankare alama ta biyun Ardo ya matso ya tsaya a kansa.

"Gaya masa barka," ya ce mini. "Allah ya raya ta."

Aka amsa da amin ta ko'ina, har da saurayin da ya zuba rairayi. Na juya wa Injiniya maganar. Bai ɗago ba, sai dai gudumar ta tsaya na ɗan lokaci. A nan na tuna mutumin nan ya fi mako biyu da wasiƙar a aljihu, muna ci tare muna aiki tare, ba wanda ya yi masa barka, don ba wanda ya tambaye shi komai. Kafin la'asar an jefa guga, aka saki shanu rukuni-rukuni.

Tun daga ranar ban ƙara bari a sa wani abu a bakin rijiya ba sai masu shan ruwan sun gani sun yarda, kuma ban ƙara yi wa mutanen ƙauye ƙarya don in sauƙaƙa wa kaina aiki ba. Kun ga Liman bai san rubutun Japan ba, amma ya kama ni da allo da tawada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na buɗe baki na tambayi Injiniya ranar da ya karɓi ƙusar nan, da na ce masa ya rubuta ta waje kusa da lamba, da na kai shi gaban Liman ya yi bayaninsa cikin natsuwa. Da bai sa guduma a kan sunan 'yarsa ba.